Jawabi Daga Jalingo Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi A Kan Allurar Rigakafi

Ina gaishe ku daga nan Jalingo, ku da ke neman halaliya a Agege da Sabon Badun da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tashoshin mota, kuma na ji ta a bakin dattawa masu hankali. Ana cewa, wane ya yi allura, ga shi kuma ya kamu, to ina amfaninta? Wannan tambaya ta cancanci amsa.

Cutar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko a watan Fabrairu na 1920 da ɗari, watau 2020. A watan Afrilu na wannan shekara ta yi ajalin Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, a lokacin babu allura ko'ina a duniya. Allura ta iso ƙasar nan a watan Maris na 2021. A watan Disamba na 2021 Malam Garba Shehu, kakakin fadar nan a lokacin, ya kamu bayan ya yi allura, ya kuma faɗa da bakinsa cewa abin ya zo masa da sauƙi. Lalle mutum biyu ba su isa hujja ba, amma abin da likitoci suka gani a asibitocin ƙasashe da yawa ke nan: wanda ya yi allura yana iya kamuwa, sai dai bai cika kaiwa ga kwanciya asibiti ko rasa rai ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar takan fara sauka a hanci da maƙogwaro. Garkuwar da ke tsaron wannan ƙofa takan yi rauni bayan 'yan watanni, ita ma ƙwayar tana sake kama, kamar yadda irin Omicron ya ɓullo a ƙarshen 2021. Amma jikin da aka yi wa allura ya riga ya san abokin gābarsa. Kafin cutar ta gangara cikin huhu, jini ya tashi tsaye ya tare ta, sai a ƙare da mura da zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ɓarnar da ke kisa a huhu take aukuwa, inda numfashi ke gagara.

Haka kyanda take, ita ma ta numfashi ake ɗaukarta. Yaron da aka yi wa allurarta yana wata 9, aka maimaita yana wata 15, da wuya ya kamu, in ma ya kamu takan zo da sauƙi.

To ga inda abin ya shafe ku. Yawancinku matasa ne, kuna kwana mutum shida ko takwas a ɗaki guda, sa'an nan ku cika mota ku biyo ta Makurɗi da Wukari ku iso gida da Salla. Tarin da bai hana ka dako ko tura baro ba yana iya kwantar da mahaifinka mai hawan jini ko ciwon suga, ko da ya yi allura, domin garkuwar tsoho ba ta kai ta saurayi ba. In ka iso da mura, ka gaida tsofaffi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ka ɗaga kwana a ɗakinsu sai ka warware. In kuwa tsoho ya fara numfashi da ƙyar, ko ƙirjin yaro yana lotsawa in ya ja iska, kada a tsaya jiƙo, a ɗauke shi zuwa Asibitin Tarayya na Jalingo ko asibiti mafi kusa a ranar.