Raƙuman Ruwa da Wutar Lantarki: Awon Teku Kafin Zaɓen Inji



Wataƙila wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da teku? To, kalma ce ta kai ni. Tudun nan da iska kan tayar a bisa ruwa, Bahaushe ya kira shi raƙumin ruwa, kuma bai yi kuskure ba, domin kuwa ɗauke yake da kaya. Kayan nan shi ne ƙarfin da masana suka daɗe suna neman saukewa, su mai da shi wutar lantarki.

Ba a sauke kaya sai an san nauyinsu. Abu biyu akan auna: tsayin raƙumin, da daƙiƙoƙin da ke tsakaninsa da na bayansa. Sai a ninka tsayin da kansa, a ninka da daƙiƙoƙin, a raba biyu. Abin da ya fito shi ne kimanin kilowat ɗin da ke cikin kowace mita ta faɗin raƙumin, in ruwan mai zurfi ne. Raƙumi mai tsayin mita 2 da ke zuwa duk daƙiƙa 10 yana ɗauke da kilowat 20. Amma ran da guguwa ta taso, tsayi ya kai mita 10, tazara ta kai daƙiƙa 12, sai lissafi ya koma kilowat 600. Ninki 30 ke nan, a wuri guda, a kan inji guda!

A nan gizo ke saƙar. Injin da aka ƙera domin ruwan yau da kullum, tilas ya jure wa waccan ranar. Saboda haka awon shekara ɗaya ba ya wadatarwa, sai an tara na shekaru masu yawa.

Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Stephen Salter na Jami'ar Edinbara ya fito da wani inji a 1974, wanda aka laƙaba wa suna agwagwa, don yadda yake sunkuyawa yana ɗagowa. A kwamin gwaji ya kama kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ruwan, amma a 1982 gwamnatin Birtaniya ta janye yawancin kuɗin binciken, babbar agwagwar ba ta taɓa shiga teku ba. Mutanen Norwe suka kafa nasu a jikin dutse kusa da Bergen a 1985, guguwa ta tumɓuke shi a ƙarshen 1988. A 2008 aka shimfiɗa injunan Pelamis 3, masu kama da macizai, a tekun Fotugal, kowanne kilowat 750. Cikin 'yan watanni aka jawo su gaɓa domin gyara, kuɗi kuma suka yanke. Kamfanin ya durƙushe a 2014.

Ni dai a ganina, mutanen Mutriku, wani ƙaramin gari a arewacin Sifen, su suka fi dabara. Da ma za su gina katangar kare tashar jiragensu, sai suka yi ɗakuna 16 a cikinta. Ruwa ya shigo ta ƙasa ya tura iska sama, iskar ta juya farfela. Ya koma, ya zuƙo iskar, farfelar ta ci gaba da juyawa ta fuska guda. Ba ƙarfen da ke motsi cikin ruwan gishiri, makaniki kuma da ƙafa yake zuwa aiki. Ita ma guguwa ta yi mata ɓarna tun ana gini, aka gyara, aka buɗe ta a 2011. Ƙarfinta duka kilowat 296 ne, bai kai rabin na maciji ɗaya ba, amma ya zuwa 2020 ta ba da wuta fiye da kilowat-awa miliyan 2.