Yadda A Ke Ɗinka Bargo Mai Auduga

Jawabin malamin gona ga ƙungiyoyin manoman auduga na Sokode da Dapaong

Yau ba maganar taki ko feshi na kawo muku ba, maganar bargo ce. Kun san sanyin hunturu na Disamba da Janairu, balle ku mutanen Dapaong. Yara su kwana bisa tabarma da zane ɗaya, gari ya waye suna tari. Ga shi kuwa a gonarmu auduga ta ke fita.

Wannan ɗinki ba baƙo ba ne wurin Hausawa. Da shi a ke yin lifidi, watau rigar da a ke cusa wa audugar rimi ko ta gona, a sa wa doki da mahayinsa don tare kibiya. Har yanzu a kan ga 'yan lifida a hawan Salla a Kano da Katsina. Abin da ya tare kibiya, ai ya tare sanyi.

Amma ku ji wannan tukuna. Kada kowa ya taɓa audugar da za a kai ma'auni, don da ita ƙungiya ta ke biyan bashin taki da magani. Ta bargo ita ce kala, wadda ta ragu a jikin kara bayan tsinka ta ƙarshe, kafin a tumɓuke kara. A tsince datti, a shanya ta bushe sarai.

Sa'an nan a gurje ta. Kada a bar angurya ko ɗaya, don tana da mai, tana kiran ɓera, kuma tana sukar mai barci. Ku sani gurza tana rage ta ƙwarai: kilo 10 na mai angurya ba ya ba da fiye da kamar kilo 4 na tsantsar auduga. Bayan gurza sai shiɓa da baka, har ta tashi ta yi laushi. Tsofaffin mata masu kaɗi sun iya, ku je ku roƙe su su nuna muku. Wadda ba a shiɓe ba dunƙulewa ta ke yi.

Mai koyo ya fara da ƙarami, na goyo, kamu biyu tsawo, kamu biyu faɗi. Tsohuwar atamfa ta isa, in ba ta ruɓe ba. A wanke ta tukuna. Ban da tsumman da aka yi feshi da shi, ko wanda aka ƙunshe irin shuka mai magani a ciki. Wanki ba ya sa in amince da shi a jikin jariri.

A shimfiɗa ƙyalle ɗaya bisa tabarma, a ja shi ya miƙe. A baza auduga a kai, kaurin yatsa ɗaya, ko'ina daidai. A nan masu koyo su ke ɓata aiki. Suna tsammani yawan auduga shi ne ɗumi, sai su tula, allura ta ƙi shiga, bargo ya yi tudu da kwari. A shafa da tafin hannu, inda aka ji rami a ƙara kaɗan. Sa'an nan a rufa ƙyalle na biyu.

To, ɗinki daga tsakiya a ke farawa, a nufi baki. Wanda ya fara ta baki, auduga za ta taru masa a tsakiya, ƙyalle ya tattare. A zana layi da alli ko gawayi, tsakanin layi da layi yatsa uku, kada ya wuce. In ya wuce, wanki ɗaya auduga za ta gangara kusurwa. A yi da zare mai ƙarfi, a riɓa shi biyu, kowane suka ya ratsa har ƙyallen ƙasa. Kada a ja zare da ƙarfi har ya tsuke. In an gama layin tsawo a yi na faɗi, daga baya a kalmashe baki.

Ba a yawan wanke shi. A riƙa shanya shi a rana, a kakkaɓe da sanda. In wanki ya zama dole, a zaɓi ranar da rana ta buɗe, don auduga mai laima tana yin fumfuna.

Saura wuta. Auduga tana cin wuta a ɓoye, tana hayaƙi ba harshe. In an sa kaskon garwashi a ɗaki, a nisanta shi da shimfiɗar yara, a fitar da shi waje kafin a kwanta.