Masaƙin Kakuri da Abokin Takararsa na Guangdong



Richard Freeman, masanin tattalin arziki a Jami'ar Harvard, ya yi wani lissafi da ya kamata kowane mai neman aiki ya sani. Ya ce lokacin da Sin da Indiya da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka shigo kasuwar duniya, yawan ma'aikatan da ke cikinta ya ninka, daga kusan biliyan 1.5 zuwa kusan biliyan 3. Jari kuwa bai ninka ba. Idan hannaye suka yi yawa, kuɗi suka yi kaɗan, ai mai kuɗi ne ke yanke farashi.

Mu nan Arewa a jikinmu muka ji wannan lissafi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, Kakuri, inda masaƙar take, ta zama unguwar masu albashi. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001, a farkon 2005 kuma aka soke tsarin da ke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe irinta za su kai Turai da Amurka. Masana'antunta suka bunƙasa, atamfarsu ta cika Kantin Kwari, wata ta ƙofa, wata ta ɓarauniyar hanya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Masaƙin Kakuri bai taɓa ganin abokin takararsa na lardin Guangdong a Sin ba, amma shi ya karɓe masa abinci.

To, a nan nake rabuwa da masu cewa maganin abin shi ne mu karya farashin guminmu. Habasha ta gwada. Ta gina rukunin masana'antu a Hawassa, ta yi ta tallar arhar ma'aikatanta, har wani bincike na Jami'ar New York ya gano a 2019 cewa albashin farko dala 26 ne a wata. Ma'aikatan suka riƙa ajiye aiki, don kuɗin bai isa haya da abinci ba. Bangladesh ta samu kasuwa, gaskiya ne, amma a Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu mata maɗinka.

Ku lura da wani abu kuma. Da albashi ya tashi a Sin, ayyukan ɗinki sun yi ƙaura zuwa Vietnam da Kambodiya da Bangladesh. Ba su zo unguwannin masana'antunmu na Sharaɗa ko Bompai ba, alhali matasanmu ba su fi nasu tsada ba. Mai masana'anta, kafin ya tambayi nawa zai biya leburori, sai ya tambayi awa nawa ake samun wuta a rana, nawa zai kashe wajen ciyar da janareta, kwana nawa kwantena ke yi daga tashar jirgin ruwa ta Apapa zuwa Kano, shinge nawa ne a hanya. Ina roƙon wakilan gwamnati su ba mu waɗannan amsoshi.