Ruwa a Gindi, Ba a Ganye Ba: Kare Kayan Lambu Daga Cutar Funfuna



Abin da nake so mu duba yau ya taso ne daga wata al'ada da ta zame mana jiki. Da ganyen tumatir ya fara tabo, sai a ruga kasuwa a sayo maganin ƙwari. Tun ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kowace cuta ƙwaro muke zargi. Amma funfuna ba ƙwaro ba ce, kuma maganin ƙwari bai san da zamanta ba. Asarar kuɗi ce, ga guba a kan abin da za a zuba a miya.

Irin funfuna ƙura ce da ido ba ya gani. Iska na ɗauko ta, ko ruwa ya fantsamo ta daga ƙasa. Yawancinta ba ta tsira sai ganye ya yi sa'o'i a jiƙe. Shi ya sa cutar da ke yi wa ganyen tumatir tabo mai zobe-zobe take farawa daga ganyen ƙasa, ta hau sama a hankali. Danginta ne ke yi wa albasa tabo mai launin shunayya, cutar da ke bin albasa ko a Aliero ko a Galmi. Wanda ya watsa wa shukarsa ruwa ta sama da magariba ya ba cutar dare guda cur. A yi ban ruwa da safe, a zuba a gindi. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, a kafa wa tumatir sanda, a tsinke ganyen da ke taɓa ƙasa, a ba da tazara iska ta ratsa.

Ga masu shuka a buhu da roba, inda na fi ganin ɓarna shi ne gindin mazubi. Buhun da ba a huda ba tafki ne, saiwa ta ruɓe, shuka ta yi yaushi, mai ita ta ɗauka ƙishi ne ta ƙara ruwa. Haka ƙananan tsiro ke kwanciya a wurin reno, wuyansu ya sirance kamar zare. A huda mazubi, a ɗora shi kan bulo, a cakuɗa ƙasa da yashi da takin da ya gama ruɓewa.

Sai batun maimaita ƙasa. Idan tumatir ya yi rawaya ta gefe guda, ka tsaga karan ka tarar da cikinsa ruwan ƙasa, alamar Fusarium ce, kuma tana shekaru a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Babu feshin da zai tashi wannan shuka. A tuge ta a ƙone, kada ta shiga ramin taki. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta da dankalin Turawa 'yan gida ɗaya ne, suna gadon cututtuka da dama, don haka kada ɗaya ya gaji wurin ɗaya sai bayan shekara 3. Mu kuwa Allah ya ba mu rana. A jiƙa ƙasar a watan Maris ko Afrilu, a lulluɓe ta da farar leda mai haske na mako 4 zuwa 6, zafi zai rage cutar sosai.

Akwai funfunar da ta saɓa wa ƙa'idar jiƙewar ganye: farar hodar da ke rufe ganyen kuɓewa da kabewa da kankana. Ita ba ta jiran ganye ya jiƙe, inuwa da cunkoso take so, har a tsakiyar rani. Farar wuta na maganinta, amma kada a fesa da zafin rana, tana ƙona ganye.

Ban ce a jefar da feshi ba. Mancozeb da magungunan tagulla suna aiki, sai dai garkuwa ce ga lafiyayyen ganye, ba sa warkar da wanda ya riga ya kamu. Roƙona ga malaman gona shi ne su riƙa karanta wa manomi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da ɗiba, musamman matan da ke tsinko ganye daga buhu kai tsaye zuwa tukunya.