A tambayi kowace uwa, ba tare da duba asalinta ba

Ƴan uwana matasa, ina son mu ɗan yi maganar lafiyar ƙannenmu.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a riƙa duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Madalla. Amma kun san wannan kyauta ba ta biyan kuɗin kabu-kabu, ba ta ciyar da uwa mai jinya, ba ta tsaron yaran da aka baro gida.

A hutun da ya wuce na raka yayata wani asibitin karkara. Mata biyu sun kawo yara masu tamowa. Ta farko ƴar gari ce, aka ce: "Sannu Hajiya, ki zamna." Ta biyu Bafulatana ce daga ruga, ba ta jin Hausa sosai. Sai aka ce mata: "Ku kullum sai yaro ya galabaita kuke kawo shi!" Ba wanda ya tambaye ta tun yaushe ta taso, ko da ƙafa ta zo. Ni ma ban ce uffan ba, kuma abin yana damuna har yau.

Ga kuma ƴan gudun hijirar Zamfara, Sakkwato da Katsina da suka shigo Gidan Rumji tun 2019. Ga waɗanda har gobe ake yi wa gorin "ɗiyan bayi", alhali dokar 2003 ta mai da bauta babban laifi. Uwar da aka taɓa wulaƙantawa, da wuya ta sake dawowa da wuri. Wa ke biyan bashin? Yaron.

To, me za mu iya? Mai jin Fulatanci ko Buzanci ya ba da rana guda a mako, ya yi tafinta. Daga Aguié har Gazawa kowane reshe ya buɗe asusun kuɗin mota, musamman da damina, lokacin da zazzaɓin sauro da yunwa ke haɗuwa. Kuma kowace uwa a yi mata tambayoyi iri ɗaya, cikin sirri: akwai hatsi a gida? Da me za ki koma? Wa ke tare da sauran yara? Kada mu yanke hukunci da ganin zanenta ko jin harshenta.

A sahun salla ba ma tambayar asalin kowa. Layin asibiti ma ya zama haka.

Allah ya ba yaranmu lafiya. Wassalamu alaikum.