Mu Shuka Magarya A Gidajenmu Na Sabo

 

Kwanakin baya da aka yi mana rasuwa a nan Sabon Ibadan, mun nemi ganyen magarya na wankan gawa muka rasa, alhali sunna ce. To, jama'a, abin da ke fitowa da kansa a dajin Arewa, me zai hana mu shuka shi?

Ni na gwada a bayan gidana, kuma ta yi. Ka fasa ƙwallon a hankali, ka ciro 'ya'yan da ke ciki. Ka zaɓi wurin da rana ke dukansa tun safe, domin ba ta son inuwa. Ruwan nan na Kudu ya yi mata yawa, saboda haka ka yi tudu, ka gauraya ƙasar da yashi. Kada ka ce za ka cire ka dasa, saiwarta zurfi gare ta. Ka killace ta daga awaki, ka nisanta ta da wurin wasan yara, ƙayarta ba ta da sabo.

In ta yi fure, zuma ma za ta zo. Allah Ya sa mu cika da imani. Wassalam.