Cinikin Tsofaffin Kaya: Jawabi Ga Mutanen Safana Da Batsari

Maganar da zan yi muku yau ta wata sana'a ce wadda ba a faye koya wa yaro a gida ba, watau saye da sayar da kayan mutanen da. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. To, akwai abubuwa da yawa a ɗakunan kakanninmu waɗanda mu muke gani tarkace ne, alhali kuwa a wani gari ana neman su da kuɗi. Kai da ka koyi karatu da rubutu yanzu, kana da rabin jarin wannan sana'a a hannunka, gama ciniki ne na sani da ajiye labari.

Da fari, waɗanne kaya ake nufi? Iri biyu ne. Akwai aikin hannun mutanenmu: akushi, da ƙwarya mai zane, da tandu, da tasar tagulla irin ta Bida, da takobi, da sirdi da likkafa da linzami, da munduwa, da tsakiya, da riga mai aska takwas, da saƙi da barage da luru. Akwai kuma kayan da suka shigo da Turawa suka tsufa a hannunmu: garmaho, da keken ɗinki na Singer, da keken hawa na Raleigh, da agogon bango, da langa da fanteka na jeren amare, da kuɗin da aka daina karɓa.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun zamanin mulkin Turawa fatakenmu suke bin gidajensu da ƙunshin kaya. Daga baya suka kai har Ikko, da Lome, da Abidjan, wasu ma har Faransa da Amurka. A Kano kuwa, a Kasuwar Kurmi wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai rumfunan masu irin wannan kaya.

Abu na farko da za ka nema shi ne ido, ba kuɗi ba. Kada ka sayi kome tukuna. Ka tafi gidan tarihi na Katsina, ko Gidan Makama a Kano, ka duba na ainihi da kyau har siffarsa ta zauna maka. Ka zauna wurin tsofaffin maƙera da masaƙa da dukawa, ka yi ta tambaya. Sa'an nan ka nemi ubangida a cikin sana'ar, ka riƙe masa jaka ko da shekara guda ce. Ka zaɓi iri ɗaya ka san shi sosai, ko tufafi, ko kayan doki, ko tsofaffin kuɗi. Wanda ya ce zai san duka a tashi ɗaya, shi ake cuta.

Ga misalin amfanin sani. Akwai wani kuɗin azurfa da ake kira liyari, mai hoton wata sarauniyar ƙasar Ostiriya, Mariya Tereza, wanda ya zo mana ta hanyar fatake, mata suna ado da shi. Duba jikinsa, za ka ga an rubuta 1780. Wanda bai sani ba sai ya ce lalle a shekaran nan aka buga shi. Ba haka ba ne. A 1780 sarauniyar ta mutu, aka ci gaba da buga kuɗin shekaru masu yawa bayanta ba a sake lambar ba. Saboda haka yawancinsu darajarsu ta azurfar jikinsu ce kawai. Haka kuma anini mai huji, wanda aka fara bugawa a 1907, da kwabo da sule waɗanda aka yi ciniki da su kafin naira ta zo a 1973. An buga su da yawa ƙwarai, ba kowanne ke da tsada ba. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Abin da ke sa kuɗi uku ne: ƙarancin abin, da kyan aikinsa, da sanin asalinsa.

Ku sani kuma akwai jabu. Wasu sukan sassaƙa sabon abu, su rataye shi bisa murhu hayaƙi ya turare shi, ko su binne shi gara ta ɗan taɓa, ko su shafe shi da goro. Yadda za ka gane shi ne, ka duba inda hannu ke kamawa. Tsohon akushi bakinsa ya side, gindinsa ya goge don jan ƙasa, amma jabu ko'ina baƙinsa ɗaya ne, kuma yana warin hayaƙi. Tsohuwar riga ta saƙar hannu ce, siraran ƙyallaye aka harhaɗa da allura, zaren kuwa na kaɗin hannu ne, wani wuri kauri wani wuri siriri. Kada ka yi cinikin biri a sama. Abin da ba ka riƙe a hannunka ba, kada ka biya kuɗinsa don ka ga hotonsa a waya.

In ka sami tsohuwar tasa ko munduwa, kada ka bari a goge ta da toka ko lemun tsami. Wannan duhu da ke jikinta shi ne shaidar shekarunta, shi mai saye yake biya. Ka share ƙura da busasshen tsumma, shi ke nan. Tufafi kuwa ka ajiye su inda ba laima, nesa da gara da ɓera.

Sai maganar littafi. Ka sayi littafin rubutu guda. Kowane abu ka saya, ka ba shi lamba, ka rubuta ranar, da garin, da sunan wanda ya sayar maka, da abin da ya ce game da asalinsa, da nawa ka biya. Ka ɗauki hotonsa. Misali, ka sayi akushi naira 5,000, ka kashe 3,000 a mota da abinci. In ka sayar 7,000 kana murna ka ci 2,000, ashe ka faɗi 1,000. Littafi ne zai gaya maka wannan. Shi ne kuma zai tsaya maka ranar da wani ya ce kayan nan na sata ne. Kada ka zuba jarinka duka a nan, gama kayan nan ba gero ba ne. Wani abu yakan yi shekara yana jiran mai shi.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, ita ce doka. A 1979 Gwamnatin Nijeriya ta yi doka mai lamba 77, ta kafa hukumar da ke lura da gidajen tarihi da wuraren tarihi na ƙasa. A cikin dokan nan, aikin hannun mutanen ƙasa wanda aka yi kafin 1918, da abin mutanen da wanda aka tono a ƙasa, kayan tarihi ne. Ba wanda zai saye su sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuwa sayar wa kowa sai shi. Ba a fita da su waje sai da takardar izini. Wanda ya karya, akwai tara, akwai ɗauri. Hauren giwa ma an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Saboda haka kafin ka fara, ka je ofishin hukumar a gidan tarihi, ka tambayi abin da ya halatta gare ka. In kana shakkar shekarun wani abu, kai musu su duba.

Me ya sa aka tsananta haka? Ku saurara. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan mutum-mutumi na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, daga baya aka gane irinsu sun fi shekara 2,000. Da labari ya watsu, sai mutane suka faɗa wa ƙasa da haƙa. Har a ƙasar Katsina an tono irin waɗannan an kai Turai a ɓoye, yanzu suna can ana kiransu na Katsina, amma yawancinsu ba wanda zai iya nuna ramin da suka fito. Labarinsu ya ɓace. Dubi kuwa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Masana suka tona kaburburan nan a 1992 a hankali, suna rubuta kome. Suka sami tagulla da zinariya da wuri da hauren giwa, aka gane Katsina tana ciniki da ƙasashe masu nisa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. In da ɓarayi suka riga su, da duk wannan sani ya tafi a kan kuɗin 'yan kwanaki. To, in garmarka ta tono wani abu a gona, kada ka fasa, kada ka ɓoye. Gaya wa mai gari, a sanar da hukuma.

Duniya ma ta juya. Kayan da sojan Ingila suka kwasa a Birnin Bini a 1897, Jamus ta fara mayar wa Nijeriya nata rabon a 2022. Manyan masu saye yanzu suna tsoron abin da ba shi da takardar asali.

Akwai wata doka kuma wadda ba a rubuta ba, ita ce ta mutunci. Ku kun fi kowa sanin abin da ɓarayin Dajin Rugu suka yi wa ƙauyukan Safana da Batsari, musamman daga 2019, yadda mutane suka bar gidajensu da abin da kai ya iya ɗauka. Irin wannan mutum in ya kawo maka takobin kakansa don yunwa, kada ka mai da wahalarsa ribarka. Gaya masa abin da kayansa zai yi, ka biya shi daidai. Abin da baƙon fuska ya kawo da araha, ba ya iya faɗin inda ya samu, ka guje shi, mai yiwuwa daga gidan da aka fasa ya fito. Kayan gado kuwa kada ka saya hannun magaji ɗaya. Sai sauran sun yarda, a gaban mai unguwa ko dagaci. Littattafan malamai na rubutun hannu kuma, in ka tarar da su, ka ba masu su shawara su adana, ko su nuna wa masana a Arewa House ta Kaduna.

Abin da na gaya muku ke nan. Ka fara da ƙanana, ka san kayanka, ka rubuta kome, ka tsaya cikin doka. Mai saye in ya gwada maganarka sau biyu ya tarar gaskiya ce, shi zai riƙa aiko maka da wasu. Allah ya ba da sa'a. Ku huta lafiya.